Masallacin Farko a Birnin Kano da Darasinsa Ga Masu Aza Harsashi

Jawabin da magatakardan Liman ya karanta wa jama'a ranar aza harsashin ginin masallaci

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka ga wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 An umurce mu da mu faɗi wani abu daga tarihi wanda ya dace da wannan taro. Muka duba, muka ga babu labarin da ya fi kusa da mu kamar na masallacin farko da aka gina a birnin Kano, da yadda birnin ya sauya a hannun sarakunansa Musulmi na farko. Abin da za mu kawo mun tsamo shi ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, aka lissafa sarakuna a ciki tun daga Bagauda.

Kano kafin zuwan salla

Tun kafin a kira salla a Kano, garin wuri ne mai alfarma ga mutanen ƙasar. Dutsen Dala shi ne cibiyarsu, Barbushe kuwa shi ne babban mai tsafinsu. Abin bautarsu ana kiransa Tsumburbura, yana wurin wata itaciya wadda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Kwana biyu a shekara yakan sauko daga kan dutse, mutane su taru daga gabas da yamma, kudu da arewa, da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekarar. Ga kuma kurmin Jakara, wanda suke jin tsoronsa suna girmama shi.

Da zuriyar Bagauda suka karɓi mulki, wajen shekara ta 999 bisa lissafin da aka saba, sai gari ya zama da iko biyu, na fada da na matsafa. Sarki yana da dawaki da mayaƙa, masu tsafi suna riƙe da zukatan talakawa. Aka yi ta zaman doya da manja shekaru ɗaruruwa. Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa, Sarki Tsamiya kuwa, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, ya auka wa wurin tsafin da yaƙi ya rushe katangarsa. Amma rushe katanga bai fitar da abin daga zukata ba, kamar yadda za mu gani.

Baƙi arba'in daga Mali

A zamanin Sarki Yaji, watau Ali, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali, su wajen arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Wani littafin kuma, Asalin Wangarawa, ya kai zuwan wannan shehi zamanin Rumfa. Suka kira Sarki zuwa ga tsai da salla, ya amsa. To, a nan muke roƙon jama'a su saurara da kyau, domin abin da aka fara yi shi ne rabon aiki. Aka naɗa Gurdamus limamin Sarki, Lawal ya zama ladan, Auta aka ɗora masa yankan duk naman da za a ci, Mandawari ya zama limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite kuwa ya zama alƙali. Sarki ya aika wa garuruwan ƙasarsa da umurnin su kiyaye lokutan salla. Sa'an nan aka gina masallaci a gindin itaciyar nan ta tsafi, yana fuskantar gabas, ana salloli biyar a cikinsa.

Ku dubi girman wannan sauyi. Da ladan, lokacin mutane ya koma bisa kiran salla. Da mai yanka, addini ya shiga tukunyar kowane gida, ya shiga rumfar mahauta. Da alƙali, mutumin da aka zalunta ya sami inda zai kai ƙara, a yi masa hukunci da littafi wanda Sarki ma bai rubuta shi ba. Masallacin kansa ginin ƙasa ne, ba a ba mu labarin tsawonsa ko faɗinsa ba, amma sunayen mutanen da suka riƙe ayyukansa sun iso gare mu bayan shekara fiye da ɗari shida.

Ba a bar su sun huta ba. Sarkin Garazawa ya ƙi salla, kuma idan Musulmi sun idar sun koma gida, sai ya zo da mutanensa cikin dare su cika masallacin da ƙazanta. Aka sa Ɗanbuji da mutanensa masu makamai su riƙa kewaya masallacin tun daga magariba har wayewar gari. Masu tsafi suka yi ta lallashinsu har suka janye waɗansu daga cikin masu gadin, shi da sauran suka tsaya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai jama'a suka taru a masallaci wata ranar Talata, suka kwana suna addu'a har hantsi. Littafin ya ce a ranar shugaban masu ɓarnar ya makance, Sarki Yaji kuma ya tuɓe shi daga sarautarsa.

Komawa baya

Da labarin ya ƙare a nan, da mun ce an gama. Amma ɗan Yaji na cikinsa, Sarki Kanajeji, wanda ya hau a 1390, ya kai wa Zazzau yaƙi aka kore shi. Da ransa ya ɓaci, sai ya nemi shawarar masu tsafi, suka ce masa ya mai da abin da ubansa da kakansa suka rushe. Ya kuwa bi maganarsu. Ga masallaci a tsaye, ga ladan yana kira, amma ranar da wuya ta zo, Sarki wurin itaciya ya nufa. Dalilin a fili yake: salla ta shiga gari, karatu bai riga ya yi zurfi ba, kuma mai ƙaramin sani shi ne farkon wanda tsoro yake kadawa.

Wanda ya gaje shi a 1410, Sarki Umaru, malami ne, almajirin Ibrahimu ɗan Gurdamus, watau ɗan limamin nan na farko. Wannan ya nuna cewa gidan Liman bai tsaya ga jan salla kaɗai ba, ya buɗe zaure yana karantarwa har ya kai ga 'ya'yan sarki. Umaru ya yi shekara goma sha biyu, sa'an nan wa'azin wani amininsa ya ratsa shi, ya sauka daga gadon sarauta da kansa ya koma ga ibada. A zamanin Sarki Yakubu kuma, daga 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga. Kafin nan abin da ke hannun malaman Kano shi ne Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da hadisi.

Zamanin Rumfa

Sai da aka yi shekara ɗari da ɗoriya bayan Yaji kafin a sare itaciyar. Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa, wajen 1492, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsana, ya sauka Kano. Shi ya umurci Sarki ya gina masallacin Juma'a, ya sare itaciyar tsafi, ya tayar da hasumiya a gurbinta. Abin da ya gagari takobin Tsamiya ya yiwu a lokacin, domin malamai sun yawaita, mutanen gari kuma sun daina jin tsoron abin da ke gindin itaciyar.

Rumfa ya gina fada sabuwa, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa. Ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara, wurin da dā ake tsoro ya zama wurin ciniki, fatake suna sauke gishiri da goro da tufafi. Ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma a zamaninsa aka fara fita sallar Idi a Shadakoko. Almagili ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya yi masa nasiha a kan tsare dukiyar jama'a, da sauraron ƙarar raunana, da binciken ma'aikata, da nisantar karɓar toshi. Da zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, zuriyarsu ce Sharifan Kano.

Duk da haka akwai sauran darasi mai ɗaci. Daga zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya hau a 1582, aka shiga girmama wani abu da ake kira Dirki, wanda aka naɗe da fatu ana yanka masa shanu domin neman tsari ga gari. Aka yi ta yi wajen shekara ɗari biyu, har zamanin Sarki Alwali, wanda ya ƙi ba da shanun, ya sa aka fasa shi da gatura. Da aka buɗe, sai ga Alƙur'ani a ciki. Jama'a, Littafin Allah ne aka rufe aka daina karantawa, har jikoki suka manta abin da ke ciki suka mai da shi abin yanka. Irin wannan gauraye na daga cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya yi wa'azi a kansa, har aka yi jihadin da ya fara a 1804, Kano ta shiga hannun jama'arsa a 1807.

Madubin Madina da Ƙudus

Wangarawa ba su ƙago wannan tsari ba, a Madina suka gano shi. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira a shekara ta 622, ya tarar da Ausu da Hazraju sun gaji da yaƙin junansu. Aka sayi filin waɗansu marayu biyu, aka gina masallaci da tubalin ƙasa da kututturen dabino, shi da kansa yana ɗaukar tubali. Aka sa Bilalu kiran salla, aka keɓe rumfa domin matalauta masu neman ilmi, aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari, aka kafa kasuwa. Da Ƙudus ta shiga hannun Musulmi a zamanin Sayyidina Umaru, wajen shekara ta 638, ya ba mazaunanta Kirista amana a kan rayukansu da majami'unsu, ya share juji daga harabar masallaci mai alfarma. Ƙubbar nan ta kan dutse sai bayan shekara hamsin da 'yan kai aka gina ta, zamanin Abdulmaliki ɗan Marwanu.

Abin da ya rage gare mu

Kaduna garin baƙi ne. Turawa suka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, iyayenmu kuma suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Barno da Nufe da ƙasar Yarabawa, wani aikin reluwe ya kawo shi, wani aikin gwamnati, wani fatauci. Sunayen unguwanninmu ma shaida ne, ga Unguwar Kanawa, ga Unguwar Shanu, ga Unguwar Sarki inda Masallacin Sultan Bello yake tun 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a wannan gari. Mu ma kamar Wangarawa muke, kowa da inda ya fito, salla ce ta tara mu sahu ɗaya.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na farko, wanda ya yi alkawarin siminti ko bulo ko rodi ko kwano, ya cika, kada ginin ya tsaya a linta damina ta yi ta dukansa. Na biyu, a tuna da masu hidima tun yanzu, watau ladan da mai shara da mai gadi da mai ɗebo ruwan alwala, a yanka musu abin da zai riƙe su, kada a bar su kamar mutanen Ɗanbuji har wani ya janye su. Na uku, ɗakunan karatu su tashi tare da masallacin, na yara da na manya, maza da mata, domin kada Alƙur'anan da za ku kawo sadaka su zauna a kan kanta ƙura tana rufe su. Na huɗu, ma'aji ya riƙa karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma maƙwabtanmu, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, su sami aminci daga harshenmu da hannunmu da lasifikarmu.

Lada mai girma ya tabbata a hadisi ga wanda ya gina masallaci domin Allah, kome ƙanƙantar abin da ya sa. Allah ya karɓa daga mai yawa da mai kaɗan, ya jiƙan magabatanmu da suka kawo mana salla, ya nuna mana ranar da za a kira ta a cikin wannan gini, ya ba mu zuriyar da za ta raya shi da karatu a bayanmu. Allah ya zaunar da Kaduna da ƙasarmu lafiya, amin.