DOKI DA MAI SHI: HORO DA LADA KO HORO DA BULALA?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mun san wasu za su yi mamakin ganin cewa a taron da aka saba tattauna batun hanya da asibiti da makaranta, yau sai ga mu da zancen doki. Dalilinmu shi ne, yawancin dawakin da ke ɗaure a turaku a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mu mazauna birni ne muke sayensu, mu ne muke aiko da kuɗin dusa da harawa, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ne suke hawansu ranar salla ko ranar hawan angwanci. Da wuya a sami wanda bai taɓa ganin doki ya yi tutsu a tsakiyar taro ya ka da yaro ba, ko ya ga an sauko daga hawa bakin doki yana zubar da jini. Duk ranar da haka ta faru, sai mu ce dokin ne mugu. Abin da muke so mu duba a yau shi ne, shin laifin nasa ne, ko kuwa na irin horon da muka yi masa.

Doki a tarihinmu

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Har yau sunayen sarautu irin su Madaki da Shamaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta suna tuna mana matsayin doki a fada. Mu nan kudancin Kano mun fi kowa sanin dalili, domin a ƙarni na 19 kakanninmu sun sha fama da hare-haren Ningawa, kuma a farkon watan Fabrairu na 1903 a Bebeji ne rundunar Kanar Morland ta gamu da turjiya kafin ta isa birnin Kano.

A wancan zamani doki makami ne. Shi ya sa linzaminmu na gargajiya yake da harshe da zobe, domin barde ya tsayar da ingarma nan take da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da mashi. Amma barden da ke riƙe da wannan linzami ya shekara da shekaru yana koyon sassauta hannu. Yau fiye da shekara 120 ke nan da wucewar zamanin yaƙi, doki ya koma abin ado da zumunci, har hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Sai dai mun bar kayan yaƙin a hannun samarin da ba su gaji haƙurin barade ba. Suna da linzami da kaimi da bulala, ba su da malami.

Ma'anar horo guda biyu

Kalmar horo a Hausa tana da fuska biyu. Idan an ce an yi wa yaro horo, ana iya nufin an koya masa abu, ana kuma iya nufin an hukunta shi. Mun daɗe muna cakuɗa su a barga, har muka ɗauka cewa doki ba ya koyo sai ya sha wuya. Alhali doki dabba ce da aka halitta da saurin firgita, wadda kariyarta ta farko ita ce gudu. Idan ya ji ƙarar bindiga ya zabura, aka zabga masa bulala, abin da ya koya shi ne ƙarar bindiga tana zuwa tare da zafi. Gobe sai zaburarsa ta fi ta yau.

Ko linzami kansa, masana sun nuna cewa sakinsa ne yake koyar da doki. Ka ja kaɗan, ya tsaya, ka saki nan da nan, sai ya gane cewa tsayawa ce ta kawo masa sauƙi. Wanda ya ja bai saki ba, ya rufe wa dokin ƙofar fahimta, ya kuma kashe masa baki.

Horo da lada

Akwai wata hanya da ta samo asali daga binciken wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, wanda ya tabbatar da cewa duk aikin da lada ya biyo bayansa nan take, dabba tana ƙara maimaita shi. A 1951 ya rubuta maƙala yana bayanin yadda za a yi amfani da ɗan abin wasa mai ƙara wajen koyar da dabbobi. Daga baya Karen Pryor, wadda ta yi aikin horar da dabbar ruwan nan dolfin a Hawai, ta yayata hanyar da littafinta na 1984, sannan Alexandra Kurland ta fitar da littafi a 1998 a kan amfani da ita ga dawaki. Abin da ake amfani da shi 'yar na'ura ce da ba ta wuce girman ashana ba, ana kiranta kilika, in an danna ta sai ta ce ƙyas. Wanda ba shi da ita yana iya yin ƙarar da harshensa, muddin dai ƙara ɗaya ce ba ta canzawa.

Amfanin ƙarar shi ne, kafin hannunka ya kai ga aljihu ya ɗauko lada, doki ya riga ya yi wasu abubuwa biyu ko uku, ba zai san wanne ake biyansa ba. Ita kuwa ƙyas tana faɗa masa daidai lokacin da ya yi abin da ake so, lada ya biyo baya.

Ga yadda ake farawa. Da farko, ka tsaya a bayan shinge ko katanga, ka yi ƙyas, ka ba shi ɗan ƙwayar dawa ko yankan karas a tafin hannu, ka maimaita har ya gane cewa ƙarar albishir ce. Na biyu, ka ɗaura ƙoƙo a kan sanda ka miƙa masa. Son sani zai sa ya shinshina, da hancinsa ya taɓa sai ka yi ƙyas ka biya. Ba da daɗewa ba zai riƙa bin ƙoƙon duk inda ka kai shi, ka ga ke nan ka sami hanyar jansa ba da fizgar ragama ba. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, kada ka taɓa biyansa yana cusa baki a aljihunka. Ka jira sai ya kau da kai ya natsu, sannan ka yi ƙyas. Wanda ya tsallake wannan mataki zai koya wa dokinsa cizo da hannunsa.

Daga nan sai a riƙa gutsura kowane darasi ƙanana-ƙanana: tsayawa cik a ɗaura sirdi, ɗaga ƙafa a duba kofato, buɗe baki a sa linzami, haƙuri da allurar likitan dabbobi. Haka ake yi da kayan hawa. A buga tambari ko a busa kakaki daga nesa, in ya tsaya bai motsa ba a biya shi, gobe a matso kaɗan. Minti 5 zuwa 10 sun isa a zama ɗaya. Idan darasi ya zauna, sai a rage yawan ladan a koma darasi na gaba.

Wani bincike da Carol Sankey da abokan aikinta suka gudanar a Faransa, suka wallafa a 2010, ya nuna cewa duƙusan da aka horar da ladan abinci sun fi saurin koyo, sun fi kusantar mutane, kuma ba su manta da mai horonsu ba bayan watanni da rabuwa.

Abin da za a ce da mu

Wani dattijo zai ce wannan wasan Turawa ne. Amma mu tuna da tsofaffin masu barga da muka taso muka gani, waɗanda suke kiran doki da kirarinsa, su shafa wuyansa, su ba shi kanwa a hannu. Lada suke bayarwa, ba su dai sa masa suna ba. Abin da aka ƙara mana shi ne daidaita lokaci. Kuma addininmu ya riga kowa, domin hadisi ingantacce ya hana dukan dabba a fuska.

Wani kuma zai ce to a jefar da linzami ke nan? A'a. Mai hawa a cikin dubban jama'a dole ya riƙe linzami. Abin da muke cewa shi ne, dokin da ya fahimci abin da ake so da shi ba ya buƙatar a yaga masa baki. Haka kuma lada ba ya maganin ciwo. Dokin da sirdi ya ci masa baya, ko haƙori ke damunsa, ko sammore ya kama shi, likita yake buƙata. Kuma a kiyaye yawan hatsi, domin yana jawo wa doki ciwon ciki mai kisa.

Shawarwari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu daina saukowa daga birni ana jajibirin salla mu haye dokin da bai san muryarmu ba. Muna roƙon ƙungiya ta shirya bita ta yini ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan, a haɗa tsofaffin mahaya da likitan dabbobi da yaran barga, wata biyu kafin salla. Mai doki ya riƙa tambayar halin dokinsa kamar yadda yake tambayar kuɗin harawa, ya kuma kyautata wa yaron da ke kula da shi, domin wanda ba a biya ba a kan dabba yake hucewa. Kada a ba yaro ƙarami kaimi ko ingarman da bai saba da taro ba. Manomanmu na Doguwa da Tudun Wada ma za su amfana, domin hanyar tana aiki a kan shanun huɗa da jakuna.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda yake da duƙushi a gida, ya gwada wannan hanya na wata ɗaya, ya zo mana da labarin abin da ya gani a taron baɗi.