Jirgin Ƙasa, Gyaɗa da Ladan Ma'aikaci

Yau za mu yi magana a kan yadda aikin masana'antu ya shigo Kano, da abin da ya yi wa gidajenmu.

A shekarar 1911 ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka buɗe ta ga fasinja da kaya a 1912. Turawa sun sa rai auduga za ta riƙa cika taragu domin masaƙun Ingila, amma manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. A lokacin masana'antun Turai suna neman mai domin yin sabulu da man shafa wa burodi. Ga kuma haraji, wanda sai da tsabar kuɗi ake biya. Manomi ba shi da hanyar samun sule sai ya noma abin da kamfani zai saya. Daga nan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayen gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗa da tsofaffinmu suke ba da labari.

Jirgi ba kaya kaɗai ya ɗauko ba. Ya kawo akawu, da makanikai, da kafintoci daga Kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu. Wajen 1913 gwamnati ta yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa. Fagge kuwa tun dā zangon fatake ne, inda ayarin raƙuma yake sauka, sai ta zama masaukin 'yan ci-rani da leburori, Kwarori kuma suka buɗe kantunansu a wurin da muke kira Kantin Kwari. Daga baya aka kafa injinan matsar man gyaɗa, da masaƙu, da majemu, da wuraren yin alewa a Bompai, sa'an nan Sharaɗa da Chalawa. Iyayenmu da yawa daga ƙasar Zariya, da Filato, da Bauci, da Adamawa, wannan aiki ne ya kawo su. Yawancin majami'un Sabon Gari ma'aikata ne suka gina su da baikon albashinsu.

Kada mu ce alheri bai zo ba. An sami albashi, yara sun shiga makaranta, an yi rufin kwano a ƙauye da kuɗin Bompai. Amma mu dubi abin da aka biya.

Mutumin da ya saba duban rana da gajimare ya san lokacin aiki, sai ya koma yana jiran ƙarar jiniya. A gona uba da 'ya'yansa tare suke yini a gandu, yaro yana koyon noma yana koyon ladabi a kunya ɗaya. A masana'anta uba yana aikin dare, ya dawo da asuba yara suna shirin makaranta, wani lokaci har ranar Lahadi ba ta tsira ba. Waɗansu sun bar mata da yara a ƙauye da niyyar su yi rani ɗaya, rani ya zama shekara goma. Ɗakin haya guda, mutum shida, famfo ɗaya ga gida duka. Wanda ba shi da dangi kusa, ranar albashi gidan giya ne yake karɓarsa. Masu sana'ar hannu ma sun ji a jikinsu: yadin inji ya karya kasuwar masaƙa da marina, matan da suke kaɗi da mazari suka rasa mai sayen zarensu.

Abin da ya fi damunmu shi ne, lebura ya zama lamba a littafin kamfani. A ƙauye ko yaya talaucin mutum, an san sunan kakansa. A bakin ƙofar masana'anta kuwa, in yatsansa ya shiga inji, gobe akwai mutum ashirin suna jiran gurbinsa. Shari'ar Musa, cikin Maimaitawar Shari'a sura 24, ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Yakubu kuma a sura 5 ya gargaɗi mawadata cewa kukan masu girbin da aka danne wa lada yana kaiwa kunnen Ubangiji. 'Yan'uwa, wannan ba maganar masu manyan injina kaɗai ba ce. A cikinmu akwai mai shagon ɗinki, da mai gidan burodi, da uwargidan da ta ɗauko yarinya daga ƙauye tana yi mata aiki. Yaushe aka biya su na watan jiya?

Gyaɗar ma ba ta dawwama ba. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka rushe dalar. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, masana'antu da yawa suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka sallama ba su iya komawa gida ba, gama gonar an raba ta tun tuni, 'ya'yansu kuma a Kano aka haife su, waɗansu ko harshen iyayensu ba sa ji. Su ne dattawan da suke zaune a bencin baya ranar Lahadi, waɗansunsu suna gadi da dare, waɗansu suna jiran kuɗin sallamar da ba a biya su ba.