Alherin da Ya Riga Mu Fitowa

 Masu sauraro, wanda Littafinsa Mai Tsarki ke kusa ya jawo shi, don yau akwai buɗe-buɗe. Wanda kuma hannunsa ke kan aiki, ko a shago, ko a gona, ko a gindin murhu, ya ara mana kunne kawai, ya wadatar.

Yau za mu yi magana a kan alherin Allah kamar yadda ikilisiyar Metodis ke koyar da shi. Tambaya ɗaya ce za ta ja mu: tsakanin Allah da ɗan Adam, wa ya fara neman wani?

Mu buɗe Matiyu sura 20, daga aya ta 1 zuwa ta 16. Yesu ya ba da misalin wani mai garkar inabi da ya yi sammako ya fita neman ma'aikata. Ya samu wasu, suka yi jinga a kan dinari ɗaya, wato ladan yini guda a wancan zamani. Da hantsi ya leƙa kasuwa ya ɗebo wasu. Da rana tsaka ya koma, da ƙarfe uku ma haka. Can wajen ƙarfe biyar, rana ta yi sanyi, saura sa'a ɗaya a tashi daga aiki, sai ga shi ya sake fitowa. Ya tarar da wasu a tsaitsaye, ya tambaye su dalilin da suka yini ba aiki. Suka ce masa ba wanda ya ɗauke su.

Duk wanda ya taɓa ci da iyalinsa da aikin yini ya san nauyin wannan amsa. Ka fito tun asuba da shebur ɗinka, mota ta tsaya, a zaɓi majiya ƙarfi a bar ka. Wata ta zo, a sake tsallake ka. Yamma ta yi, kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana ka motsi. Irin waɗannan mutane ne maigidan ya ɗauka. Da aka zo biya ya ce a fara da su, aka danƙa wa kowannensu dinari cikakke. 'Yan sammako da suka ga haka suka fara lissafi a zuci. Da aka zo kansu aka ba su dinari ɗai-ɗai, sai gunaguni ya tashi. Maigidan ya tuna musu cewa bai cuce su ba, abin da suka shirya shi ya ba su, ya kuma tambaya ko kyautar da ya yi da dukiyarsa ce take ci musu rai.

Mun saba tsayawa a kan biyan. Ni abin da ya fi kama zuciyata a misalin nan shi ne fitar. Ku ƙirga da kanku, sau biyar mutumin nan ya taka ya fita. Babu lebura ko ɗaya da ya je ya buga masa ƙofa. Na asuba da na yamma, duk nemo su aka yi.

Wanda Allah ya yi amfani da shi wajen kafa tafarkin Metodis, John Wesley, ya daɗe yana rayuwa irin ta ɗan sammako. An haife shi a 1703 a garin Epworth na ƙasar Ingila, mahaifinsa limamin coci ne, shi ma ya zama limami. A jami'ar Oxford, shi da ƙaninsa Charles da wasu abokai sun tsara wa kansu ibada mai tsanani: azumi ranakun Laraba da Juma'a, lokacin addu'a, lokacin karatu, ziyarar fursunoni da marasa lafiya. A 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya da ke Amurka don aikin bishara. A tsakiyar teku guguwa ta taso, ruwa ya yi ta kwarara cikin jirgi, Turawan Ingila suna ta kururuwa. Amma akwai wasu Kiristoci daga Jamus, 'yan Morabiya, da suke tsakiyar sujada, suka ci gaba da rera waƙarsu, har mata da yara. Wesley ya dube su, ya dubi kansa, ya gane cewa shi da yake limami tsoron mutuwa yake yi. Aikin Jojiya bai yi masa kyau ba. Ya dawo Ingila a farkon 1738 zuciyarsa a karye.

Ran 24 ga Mayu na shekarar, da daddare, ya je wani taron addu'a a titin Aldersgate a birnin Landan, kuma shi da kansa ya rubuta cewa ba da son ransa ya je ba. Ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya yi wa wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata, ya ji wani ɗumi ya ratsa zuciyarsa, ya sami tabbacin cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa, nasa na kansa. Mutum mai shekara 34, wanda ya yi ta yi wa wasu wa'azin ceto, a daren nan ya daina tsayuwa gaban Allah kamar bara mai jiran lada, ya tsaya kamar ɗa. Shi ya sa 'yan Metodis ke ƙaunar Romawa 8:16, inda Bulus ya nuna Ruhu da kansa ke tabbatar wa ruhunmu cewa mu 'ya'yan Allah ne.

To, mene ne koyarwar da ta fito daga wannan? Wesley ya kwatanta rayuwar bangaskiya da gida. Tuba ita ce zaure, bangaskiya ita ce ƙofar shiga, tsarkin rayuwa kuma shi ne cikin gidan. Alheri ɗaya ne yake aiki a duka ukun, sai dai aikin nasa ya bambanta.

Mu daɗe kaɗan a zaure, domin a nan ne koyarwar Metodis ta fi fita daban. Alherin da ke aiki a zaure ana kiransa alheri mai riga zuwa. Wesley bai raina zunubi ba ko kaɗan. Ya gaskata cewa da an bar mu da kanmu, ba mai iya ɗaga ƙafa ya nufi Allah. Amma ya ce ba a bar kowa da kansa ba. Duk ɗan Adam da ke numfashi, alherin Allah ya riga ya taɓa shi, sai dai in shi ne ya danne. Wannan lamiri da ke hana ka barci bayan ka cuci wani, Wesley ya ce kyautar Allah ce. Wannan ɗan marmarin gyara hali da ke zo wa mashayi da asuba, shi ma haka. Ku duba Yohanna 1:9, inda aka kira Almasihu hasken gaskiya da ke haskaka kowane mutum. Ku duba Titus 2:11, alherin da ke kawo ceto ya bayyana ga dukan mutane. A Romawa 5:6 zuwa 8, Bulus ya ce Almasihu ya mutu dominmu tun muna raunana, tun muna cikin zunubi. A 1 Yohanna 4:19 kuma an gaya mana cewa ƙaunarmu amsa ce, shi ne ya fara.

'Yan'uwa, wannan koyarwa tana da aiki a cikin gidajenmu. Uwar da ɗanta ya bi 'yan shaye-shaye, kin yi addu'a har kin gaji, 'yan'uwa sun ce ki cire rai. Ki sani ba ke kaɗai kike nemansa ba, akwai wanda ya riga ki isa inda yake kwana. Mai bishara da ke shirin shiga sabon ƙauye, kada ka ɗauka kai ne za ka kai Allah can. Ka tuna Ayyukan Manzanni sura 10. Kafin Bitrus ya taka gidan Karniliyas, sojan Roma, Allah ya riga ya ji addu'ar mutumin, ya ga sadakarsa, shi ne ma ya sa ya aika a kira Bitrus. Wanda ya fahimci wannan ba ya yi wa maƙwabcinsa kallon wanda Allah ya manta da shi, ko wane ne shi, ko daga ina ya fito.

A kan wannan batu ne Wesley ya saɓa da amininsa George Whitefield, babban mai wa'azi, wanda ya ja shi zuwa wa'azi a fili ga masu haƙar kwal na yankin Bristol a 1739. Whitefield yana bin koyarwar Calvin, cewa tun fil azal Allah ya zaɓi waɗanda za su tsira. Wesley ya ce a'a, Almasihu ya mutu domin kowa, ana miƙa wa kowa alheri, kuma mutum na iya karɓa ko ya ƙi. Sun yi muhawara mai zafi, har a rubuce. Har yau akwai 'yan'uwanmu masu tsoron Allah a wasu ikilisiyoyi da ke gefen Whitefield. Ni ina tare da Wesley, domin ban ga yadda zan karanta 1 Timoti 2:4, inda Allah ke son dukan mutane su sami ceto, sannan in rage wani daga cikin lissafi ba. Amma ku ji yadda suka ƙare: da Whitefield ya rasu a 1770, Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, bisa ga roƙon marigayin tun yana da rai.

Ƙofa kuwa, maganarta a taƙaice take. Afisawa 2:8 da 9: ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyauta ce, ba ladan aiki ba, don kada wani ya yi fahariya. Wesley ya ce barata a gaban Allah ita ce gafara. Zakkarka ba ta saye ta, yawan zuwa majami'a bai saye ta, kasancewar kakanka ne ya fara karɓar bishara a garinku bai saye ta ba.

Sai dai da yawa daga cikinmu muna rufe Littafin a aya ta 9. Ku ƙarasa zuwa ta 10, inda Bulus ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ba a buɗe wa mutum ƙofa don ya shimfiɗa tabarma a bakinta. A Romawa sura 6 Bulus ya kawo tambayar masu cewa to mu ci gaba da zunubi mana tun da alheri ya yawaita, ya kuma yi watsi da ita nan take. Filibiyawa 2:12 da 13 sun haɗa abu biyu wuri ɗaya: ku yi aikin cetonku da tsoro, gama Allah ne ke aiki a cikinku. Wesley ya ce tun da Allah yana aiki, kana iya yin aiki, kuma tun da yana aiki, dole ka yi. Wannan shi ne alheri mai tsarkakewa, kuma inda ya nufa shi ne ƙauna ta cika zuciya, ƙaunar Allah da ta maƙwabci. Bai ce mutum zai daina kuskure ko mantuwa ba. Ya ce kada mu sa wa alheri iyaka a kan abin da zai iya gyarawa a halinmu tun muna duniya.

Bai bar maganar a bakin bagade ba. A 1742 a Bristol, ana neman biyan bashin ginin ɗakin taro, sai aka kasa mutane rukuni-rukuni, kimanin goma sha biyu-biyu, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Shugabannin da ke zagayawa karɓar kuɗin suka fara ganin halin da mutane ke ciki: wannan ya koma giya, wancan suna rigima da matarsa, wata kuma ba ta da lafiya ba mai duba ta. Daga nan aka haifi taron aji na Metodis, inda kowane mako ake zama a tambayi kowa lafiyar ransa. A ganina babu abin da ikilisiyoyinmu suka fi bukatar farfaɗowa da shi kamar wannan. Majami'a na iya cika maƙil ranar Lahadi, mutum ya shekara yana nutsewa ba wanda ya tambaye shi.

Wesley ya kuma nuna hanyoyin da Allah ya saba bi ya ba da alheri: addu'a, nazarin Littafi, Jibin Ubangiji, azumi, da zumuntar masu bi. Da wasu a Landan suka ce wanda bai da cikakkiyar bangaskiya ya zauna shiru, kada ya kusanci teburin Ubangiji, ya ƙi yarda, har suka rabu a 1740. Ya ce mai jin yunwa shi ya fi cancanta ya matso. Ya ƙara da ayyukan jinƙai, wato ciyar da mayunwata da duba marasa lafiya da na kurkuku, kamar yadda Matiyu sura 25 ta nuna. A 1774 ya wallafa ɗan littafi yana la'antar cinikin bayi, kuma 'yan kwanaki kafin rasuwarsa a watan Maris na 1791 ya rubuta wa William Wilberforce wasiƙa yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da wannan mugun ciniki. In Almasihu ya mutu domin kowa, to ba wanda za a sa wa farashi a kasuwa.

Wannan saƙo ya iso ƙasarmu ta garin Badagiri a watan Satumba na 1842, ta hannun Thomas Birch Freeman, kuma yau ana wa'azinsa da harshen Hausa a majami'u da yawa, musamman a jihar Taraba, daga Jalingo zuwa Bambur da Zing.

Lokaci ya ja. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki tambayar da wannan koyarwa ke jawowa: in mutum na iya ƙin alheri, shin wanda ya riga ya karɓa zai iya juya masa baya? Kafin nan ku karanta Ibraniyawa sura 6 da Yohanna sura 10, ku ajiye su gefe da gefe, ku zo da tambayoyinku. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku. Mu kwana lafiya.