JAWABI KAN KARAYAR KWATANGWALO: ABIN DA KE SA ƘARFE YA GAZA BAYAN TIYATA



A Kafanchan da ƙasashen Kaura, Jaba da Zangon Kataf, karayar kwatangwalo ba baƙuwa ba ce. Tsoho kan zame a gangaren gona da damina, saurayi kuwa haɗarin babur ne kan kayar da shi. Sau da yawa sai an yi tiyata, likita ya ɗaure ƙashin da kusoshi da falle na ƙarfe, ko kuma ya cire kan ƙashin cinyar ya sa na ƙarfe a madadinsa. Amma akan sami wanda bayan 'yan watanni ciwo ya dawo masa, ƙafa ta gajarce, hoto kuma ya nuna kusa ta goce ko ta karye. Ya kamata kowa ya san dalili.

Ƙarfe ba ya haɗa ƙashi. Aikinsa shi ne ya riƙe karayar har jiki ya ɗinke ta da kansa, wannan kuwa yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. Duk takun da mutum ya yi, nauyin da ke sauka a kwatangwalo ya kusa ninka nauyin jikinsa sau 3. Muddin ƙashi bai haɗu ba, ƙarfen ne kaɗai ke ɗaukar wannan kaya, kuma kamar wayar da ake ta lanƙwasawa, wata rana sai ya ɓalle. A jikin tsofaffi, musamman mata, ƙashi kan yi rauni har kusa ta huda shi ta fita.

Abubuwan da ke hana warkewa sanannu ne. Na farko, jinkiri. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya ta wuyansa suke bi. Idan wuyan ya karye sukan tsinke, kan ƙashin ya mutu. Saboda haka likitoci suka fi son a yi aikin cikin awa 48. Ɗorin gida bai isa wannan wuri ba, domin karayar tana can cikin tsoka, inda kara da tsumma ba su riƙe ta, matsa da ja kuma ƙara ɓarna suke yi. Na biyu, ƙwayoyin cuta da kan shiga rauni su zauna jikin ƙarfe. Na uku, shan taba, ciwon sukari da ba a kula da shi ba, cutar sikila, ƙarancin abinci mai gina jiki, da daɗewa ana shan ƙwayoyi irin su Prednisolone ba da iznin likita ba.

Don haka wajibi ne majinyaci ya taka ƙafar gwargwadon yadda likita ya ce, ya riƙe sandunansa, ya yi motsa jikin da aka koya masa. Kada ganin fata ta warke ya sa shi ɗaukar buhun citta ko komawa huɗa. Iyalinsa su wadata shi da wake, waken soya, gyaɗa, ƙwai, kifi da nono, su kuma kai shi ɗaukar hoto duk ranar da aka ɗibar masa.

Idan ciwo ya sabunta a matsematsi, ko ƙafa ta juya waje, ko rauni ya fara tsatsar ruwa ko mugunya tare da zazzaɓi, to, a garzaya babban asibitin Kafanchan ba da ɓata lokaci ba. Daga can ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Gazawar ƙarfe tana da gyara: akan sake ɗaurewa, ko a sauya gaɓar baki ɗaya. Sai dai aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.