Lasin Bindiga: Jawabi A Taron 'Yan Ƙungiya, Lafiya

Mu 'yan kasuwa ne, ba lauyoyi ba, amma maganar bindiga ta iso ƙofar gidanmu, domin a cikinmu akwai mafarauta da masu gona a bayan gari.

Dokar bindiga ta ƙasar nan tun 1959 take, ta girmi yawancinmu. Ta raba makamai kashi uku. Irin na soja, sai Shugaban Ƙasa ya yarda. Mai baki biyu da 'yan uwanta, lasinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Ita kuwa bindigar toka, wadda kakanninmu suka yi farauta da ita, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da takardarta.

To, a watan Mayu na 2019 sai aka wayi gari da labarin cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a soke lasin da ke hannun jama'a. Masu bindiga suka yi ca, Majalisar Wakilai ta nemi ya janye. A 2022 kuma Gwamna Matawalle na Zamfara ya ce wa mutanensa su nemi bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro Janar Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 Sufeto Janar Egbetokun ya dakatar da ba da sabon lasin. Jama'a, talaka wa zai bi?

Kada a ce muna son bindiga ta yi yawa. Mu da muke Lafiya mun ga abin da ya faru a Alakyo a 2013, ranar da aka hallaka 'yan sanda masu yawa. Wanda ya ga wannan ba zai yi wasa da makami ba. Amma ku tuna Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025. Mafarauta 16, yawancinsu 'yan Kano, sun taso daga Fatakwal za su gida Sallah, aka ga bindigar toka a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su. Ɗan hanya ne, kamar ni, kamar kai.

A Amurka masu bindiga suna da ƙungiya, NRA, tun 1871. Suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta can ta rushe dokar birnin Washington da ta hana ajiye ƙaramar bindiga a gida. Amma fa su tsarin mulkinsu ne ya ba su wannan haƙƙi. Namu bai ba mu ba, don haka in mun je kotu da irin hujjarsu, kuɗin lauya kawai za mu zubar. Kuma, gaskiya, yadda suke harbe juna har a makarantu bai burge mu ba.

Abin da muke iya nema kaɗan ne. A sabunta takardar maharbin da aka san shi, wanda mai unguwa ya tsaya masa. In an ƙwace bindiga mai lasin ba tare da laifi ba, a nan ne lauya zai yi amfani.

Saboda haka muna roƙon shugaba ya naɗa mutum biyar, har da Sarkin Baka, su rubuta takarda zuwa ga Kwamishina da ɗan majalisarmu na tarayya, a fara kai ta fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya. Duk mai lasin ya kawo kwafinsa wurin sakatare kafin taro mai zuwa, ko da ya daina aiki.