Gwajin Maganin Gargajiya: Daga Tsaunukan Sin zuwa Kasuwar Kurmi

 

Wani zai ce, me ya haɗa Bakano da ciwon hawan tsauni? Dutsen Dala bai kai mita 600 daga matakin teku ba, shi kuwa wannan ciwo yakan taso ne in mutum ya haura wajen mita 2,500, inda iskar shaƙa ke ƙaranci. A can ne za ka ga lafiyayyen ƙato yana fama da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, barci ya ƙaurace masa. Yadda aka gwada maganinsa shi ne ya shafe mu.

Mutanen Sin da Tibet sun daɗe suna shan saiwar wani tsiro, Rhodiola, don riga-kafi. A Taiwan sai likitoci suka ce a auna. Manya lafiyayyu 102 suka hau tsaunin Hehuan, mita 3,421, kowannensu sau biyu: hawa ɗaya da maganin, ɗaya da ƙwayar da babu komai cikinta. Mai sha bai san wadda ya haɗiya ba, mai bayarwa ma haka. Sakamakon ya fito a 2013: da magani da babu, wajen kashi 61 cikin ɗari sun kamu. Maganin kakanninsu ne, amma suka buga sakamakon kowa ya gani. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Kada mai magani ya ɗauka gwaji kushe ne. Daga tsohon littafin maganin Sin Tu Youyou ta gano hanyar tatso artemisinin daga wani ɗan'uwan tazargade, ta sami kyautar Nobel a 2015, kuma da shi ake kashe zazzaɓin cizon sauro a asibitocinmu yau. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta gwada haɗin Niprisan ga masu sikila, cikinsa har da masoro da kanumfari da karan dafi.

Na san kalmar gwaji tana da ɗaci a garin nan na Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Allah ya jiƙansu. Saboda haka, duk wanda za a gwada magani a jikinsa, a bayyana masa da Hausa, ya amince da bakinsa, ya fita ranar da ya ga dama.

Roƙona ga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano shi ne su zauna da masu magani na Kurmi, a zaɓi haɗi ɗaya, na shawara ko na basir, a rubuta sunan mai shi da haƙƙinsa tun kafin a fara, sannan a auna.