Bashin Mota: A Yi Lissafi Kafin a Sa Hannu



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne bashin mota, watau cinikin nan da mutum zai karɓi mota yau, ya riƙa biya wata-wata har shekara uku ko huɗu. Wani zai ce ina ruwan ɗalibi da wannan, shi da ko kuɗin a-daidaita-sahu daga Ƙofar Ƙaura zuwa makaranta sai ya yi ciniki? To, da ruwanmu ƙwarai. Da yawanmu saura shekara ɗaya ko biyu mu gama, mu yi bautar ƙasa, in an dace mu kama aiki. Duk kuwa mun san tambayoyin da ke biyo bayan albashin fari a garin nan: yaushe aure, yaushe mota? Maganar da muka zo da ita guda ɗaya ce. Abin da ake cirewa daga albashi kowane wata kusan rabin kuɗin riƙon mota ne kawai, sauran rabin kuwa ba a rubuta shi a takardar da ake sa wa hannu.

Bari mu fara da abin da ya sami iyayenmu, don ba mu ne farau ba. A 1974 hukumar Jerome Udoji ta ba da shawarar ƙarin albashi, aka kuma biya ma'aikata ariyas tun daga watan Afrilu na shekarar. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, na Volkswagen kuma a Ikko. A lokacin gwamnati kan ba babban ma'aikaci bashin mota, ta kuma haɗa masa da alawus na riƙonta. Saurayi ya fito daga jami'a, ba a daɗe ba sai a gan shi cikin Fijo. Amma a wannan shekara ta 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ta lashe ƙarin. Kafin gwamnatin Janar Obasanjo ta sauka a 1979 ta soke bashin mota, har maido da shi ya shiga cikin bukatun ƙungiyar ƙwadago a yajin aikin watan Mayu na 1981. Sa'an nan a 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, dala ɗaya da ke kusan kunnen doki da naira ta koma wajen naira 4, kayan gyara suka gagari mai albashi. Manyanmu suna tuna yadda motoci suka kwanta bisa duwatsu a ƙofar gidaje, kaji na kwana a ƙarƙashinsu.

Mu ma mun ga namu da idonmu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta haura 1,000. Wanda ya ci bashin mota a farkon 2023 bai ga an rage masa ko kwabo daga biyan wata ba. Darasin ke nan: biyan wata a kafe yake kamar turke, albashi yana tafiyar hawainiya, mai da taya da kuɗin bakanike kuwa gudu suke yi.

Yanzu sai mu ɗauki alli mu yi lissafi, da misalin da muka ƙaga don saukin fahimta. A ce mota ta naira miliyan 8 ce, ko da yake sabuwa dal daga kamfani ta ninka haka sau da yawa. Mutum ya ba da miliyan 2 kafin alƙalami, ya ci bashin miliyan 6 na shekara uku, bisa ruwan kashi 20 cikin ɗari a shekara. Ba mu tsananta ba, don a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sama da ma'aunin suke ba da bashi.

A nan akwai rami, sai a lura. Idan ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage na bashin, biyan wata zai kama wajen naira 223,000, jimla miliyan 8 da 'yan kai. Idan kuwa ana lissafa shi a kan uwar kuɗin gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, biyan wata ya kusa 267,000, jimla miliyan 9 da dubu 600. Duka biyun sunansu kashi 20, amma tsakaninsu akwai fiye da miliyan ɗaya da rabi. Wanda bai tambaya ba, shi zai biya.

Wanda ke gudun riba yana iya zuwa bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, inda banki zai sayi motar ya sayar masa da ita bisa ƙayyadadden farashi. Wannan ya fid da shi daga damuwar addini, amma lissafi yana nan, don wata in ya ƙare sai an biya.

To, mu ɗauki mai sauƙin, watau 223,000, mu ɗora masa abin da takarda ba ta faɗa ba. Mai ba da bashi ba ya yarda da ƙaramar inshorar nan ta naira 15,000 a shekara, sai cikakkiya, wadda daga Janairun 2023 ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. Ke nan naira 400,000 a shekara, wajen 33,000 a wata. A ce mutum yana ƙona lita biyar a yini, daga gida zuwa sakatariya, kai yara makaranta, leƙa kasuwa. In lita tana naira 900, ya tashi 135,000. A ware 40,000 don juye da taya da batir da sabunta takardu. Jimla naira 431,000 kowane wata, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ba a sayi gero ba, ba a biya haya ba, ba a kai kowa asibiti ba.

Akwai kuma wani haraji namu na Katsinawa, wanda babu bankin da ya san da shi, watau kara. Ranar da ka yi mota, ta zama ta dangi. Kai ne kai amarya Daura, kai ne ta'aziyya a Funtuwa, kai ne ɗauko gwaggo daga Jibiya, kuma kunya ba za ta bari ka ce a zuba mai ba. Ba mu ce a bar zumunci ba, Allah Ya kiyaye. Cewa muka yi a ba shi layinsa a cikin lissafi, tun da lalle sai an yi shi.

Saboda haka ga shawarwari huɗu ga kanmu da yayyenmu.

Na ɗaya, biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga hannu bayan an cire haraji da fansho. Dokar ƙwadago ta 1974 ma wannan iyaka ta sa wa abin da za a iya yanka daga ladan ma'aikaci a wata guda. Bisa wannan ma'auni, mai biyan 223,000 sai albashinsa ya kai wajen 670,000.

Na biyu, a tambayi jimlar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, a rubuce, tare da kuɗin takardu, da tarar makara, da abin da zai faru in albashi ya yi jinkiri. Tsawaita shekaru yana rage biyan wata, amma yana ƙara jimla.

Na uku, a gwada kai tukuna. Mutum ya yi wata shida yana ajiye daidai wannan kuɗi, ko a asusu ko a adashi. In ya iya, ya tara kafin alƙalami mai kauri, bashinsa ya ragu. In ya kasa, ya san matsayinsa ba tare da an zo an ɗauke mota a gaban maƙwabta ba.

Na huɗu, kada a yi lissafi da ariyas ko ƙarin girman da ba su zo ba.

Jama'a, mota ba laifi ba ce, kuma muna fata kowa a nan ya hau tasa. Amma Bahaushe ya ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fid da shi. Wanda ƙarfinsa na babur ne ya hau babur ɗinsa da mutunci, har Allah Ya kawo lokaci. Iliminmu bai amfane mu ba in muna warware lissafi a ɗakin jarrabawa, mu kasa warware na aljihunmu.

 Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.